A Allo Ta Yi Aiki, A Bango Ta Ƙi: Nazarin Na'urar Tankin Ruwa a Unguwar Mu'azu

Gidan Yayata a Unguwar Mu'azu yana da rijiyar burtsatse da tankin roba mai cin lita 2,000 a kan ƙarafuna. Tun da aka haƙa rijiyar rigima ɗaya ake yi a gidan: wa ya kunna sumo ya manta? In wuta ta zo cikin dare sai a kunna, barci ya kwashe wanda ya kunna, da asuba a tarar ruwa ya malale har ƙofar maƙwabta. In kuma an ji tsoron haka an ƙi kunnawa, a wayi gari ko na alwala babu. Ɗanta na biyu, wanda ke shekarar ƙarshe ta difloma a fannin lantarki, shi ya ce zai kashe wannan rigima da na'urar da za ta riƙa kunna sumo da kashe shi da kanta. Ga aikin kammala karatu, ga maganin gida.

Ni haɗa sola ce sana'ata, don haka ni ne kawun da ake kira in abu ya ƙi. Na bi aikin kusan wata uku. Abin da ya sa na ga ya cancanci a rubuta shi, yaran da ke koyon lantarki a garin nan yanzu yawancinsu a allon kwamfuta suke fara haɗa da'ira kafin su taɓa waya ko dalma, kuma abin da ya sami yaron nan na jiran da yawa daga cikinsu.

Abin da ya zana

Tsarin ba baƙo ba ne. Arduino Uno, 'yar ƙaramar kwamfuta da ake rubuta wa umarni, ita ce ƙwaƙwalwa. A murfin tanki za a ɗaura sensa HC-SR04, mai ido biyu kamar na mujiya: ɗaya na harba sauti mai kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa, wanda kunnen mutum ba ya ji, ɗaya na sauraron amsa-kuwwarsa daga fuskar ruwa. In ka raba lokacin da sautin ya yi a hanya, a ma'aunin ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, da 58, ka sami nisa a santimita. Nisa mai yawa, ruwa ya yi ƙasa. Sai Arduino ta tura 'yar wuta zuwa tiranzista, tiranzista ya ja rile, wato makunnin da maganaɗisu ke ja, rile ya kunna sumo. Da ƙaramin allo mai layi biyu da ke nuna yawan ruwa, da fitilun LED, ja da kore.

A Tinkercad ya haɗa duka. Manhaja ce ta kamfanin Autodesk, wanda ya saye ta a 2013, aka ƙara mata sashen da'irar lantarki a 2017. Kyauta ce, a burauza take aiki, rajista kawai take buƙata da intanet. Kayan cikinta an zana su kamar na gaske: ga allon gwaji mai ramuka, ga resista da zobban launinsa, ga Arduino da kebul ɗinta. Ka ja waya daga wannan rami zuwa wancan, ka rubuta umarninka a gefe, ka danna maɓallin farawa. A wayar hannu tana da wuyar sha'ani, don ramukan ƙanana ne yatsa kuma babba, shi ya sa ya riƙa aron laftof ɗin wansa da dare. Abin da ya fi so game da ita, aikin a can intanet yake ajiye. Batir ya mutu, an ɗauke wuta, gobe ya tarar da zanensa inda ya bar shi.

Dole in ba manhajar haƙƙinta tun kafin in shiga sauran labarin. Kafin ya kashe ko kwabo ta kama masa kurakurai uku. Ya jona LED kai tsaye ba resista, sai alamar fashewa ta bayyana a kanta da gargaɗin cewa wutar ta fi ƙarfinta. Ya sa resista mai om 220, lissafi ya dawo kusan miliyamfiya 14, fitila ta zauna lafiya. Ya karkace wayoyin allon rubutu, ya gyara. Na uku shi ne mafi muni: ya juya umarnin, ya sa sumo ya tashi idan nisa ya ragu, wato idan tanki ya cika. A allo, da ya ja 'yar ƙwallon da ke gaban sensa ya matso da ita, ya ga injin ya tashi maimakon ya tsaya, nan take ya gane. Da a kan tankin Yaya ya gano wannan, da maƙwabta sun sake jin ruwa a ƙofa.

Ranar da komai ya daidaita ya ɗauki bidiyon allon ya turo min a WhatsApp. "Kawu, an gama. Saura siyayya."

Na ce masa Allah ya sa albarka, amma ba a gama ba. Bai ji daɗi ba.

Ga dalilina. Manhajar kwaikwayo ba wuta take gudanarwa ba, lissafi take yi. Dokar Ohm ta 1827 da dokokin Kirchhoff na 1845 su ne jari, sai a jera su kashi-kashi a kan kowace mahaɗa, kwamfuta ta warware su sau dubbai a daƙiƙa. Kakar wannan fanni ita ce SPICE, wadda Laurence Nagel ya fitar a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1973, ƙarƙashin malaminsa Donald Pederson, don masu ƙera ƙananan da'irori da ba a iya sa musu mita a ciki. Lissafin daidai yake. Sai dai abin da ka zana kawai yake lissafawa. Abin da ba ka zana ba, a wajensa babu shi a duniya.

Ƙafafun tiranzista

Ya yi siyayya, ya liƙa kayan a kan allon haɗi na gaske, ya jona ƙwan fitila a madadin sumo don gwaji. Allon rubutu ya kawo, sensa na karanta nisa, amma rile ko motsi. Kwana biyu yana bin wayoyi yana kwatanta su da zanen Tinkercad, duk sun dace.

Na ɗauke shi muka je wajen Baba mai rediyo, wanda a hannunsa na koyi riƙe ƙarfen liƙi tun ina saurayi. Shagonsa na Tudun Wada, ba nisa da Panteka, ɗan ɗaki ne cike da gawarwakin talabijin da amfilifaya har rufi. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, ga jikanka ya zo da aikinsa, ya ƙi."

Bai ko kalli zanen ba. Ya juya allon a hannu, ya kai shi hasken bakin ƙofa, ya ɗora gilashin ƙara girma a kan tiranzistan.

"Injiniya, me ka ce a ba ka a shago?"

"BC547, Baba. Mai shagon ya ce ya ƙare, ya ba ni wannan, ya ce duk ɗaya ne."

"C1815 ne. Bai yi maka ƙarya ba, aikinsu ɗaya. Ƙafafunsu ne ba ɗaya ba."

In ka fuskanci shafaffen gefen BC547, ƙafafu na kallon ƙasa, daga hagu kolekta ne, sai bes, sai emita. C1815 kuwa, irin na Japan da ya cika tsofaffin rediyoyi, emita ne, sai kolekta, sai bes. Jiki ɗaya, girma ɗaya, baƙi ɗaya. A allo kana kai linzami kan ƙafa sunanta zai fito. A kasuwa ba wanda zai rubuta maka. Baba ya narkar da dalma, ya lanƙwasa ƙafafun ya mayar da kowace gurbinta, rile ya ce ƙas. Duka-duka minti biyar.

Yana miƙo allon sai ya tsaya. "Ina dayod ɗin rile?"

Yaron ya ce a kwamfuta ya yi aiki ba dayod. Baba ya dube ni, na kawar da kai. Ya ce to, Allah ya taimaka. Ni ma da gangan na yi shiru, don gani ya kori ji, kuma ƙwan fitila ne a jone ba sumo ba.

Ba a yi kwana uku ba allon rubutu ya fara fitar da wasu haruffa marasa ma'ana duk sanda rile ya saki, daga baya tiranzistan ya mutu a kunne, fitilar gwaji ta ƙi mutuwa. Muka koma shagon, wannan karon na buɗe wata manhajar a wayata, wadda ake kira Falstad da sunan mai ita, Paul Falstad. Da farko da Java ya rubuta ta, daga baya Iain Sharp ya mayar da ita yadda kowace burauza za ta iya buɗe ta. Ba rajista, ba ta cin data sosai, kuma ba ta ɓata lokaci wajen zana kaya su yi kama da na gaske. Alamomin littafi ne zalla a kan baƙin allo. Abin da take yi wanda ya sa nake son ta, tana nuna wutar tana tafiya: ɗigo-ɗigo rawaya na bin waya, in gudun ya ƙaru su ƙara sauri, waya ta yi kore inda ƙarfin wuta ya hau, ta yi ja inda ya juya ƙasa da sifili. Tana kuma da allon da ke zana hawa da saukar wuta a kowace mahaɗa, aikin da sai na'ura mai tsada ke yi a ɗakin gwaji.

Muka zana abu huɗu kawai: bolt 5, naɗin wayar rile mai om 70, tiranzista, da siginar da ke kunnawa da kashewa. Duk sanda tiranzista ya kashe, sai wani tsini ya harba sama a zanen, ɗaruruwan bolt, a da'irar da bolt 5 kawai aka ba ta. Naɗin waya ba ya yarda a katse masa gudu farat ɗaya. Maganaɗisun da ya tara dole ya sami hanyar fita, in bai samu ba ya fasa wa kansa. Da wannan dabarar koyil ɗin mota ke haifar da tartsatsi a fulogi. C1815 kuwa bolt 50 ne iyakarsa tsakanin kolekta da emita. Adadin da allon ya nuna ba shi ne na gaskiya ba, don tiranzistan cikin manhaja ba ya fashewa, na gaske kuwa tun a hanya zai sare. Amma tsinin gaskiya ne. Muka ɗora dayod a juye a kan naɗin, irin 1N4007 da ke cike da gwangwanin Baba, tsinin ya ɓace, ɗigon rawaya suka riƙa zagaya dayod ɗin har su lafa.

Baba ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido. "Cire shi mu gani." Na cire. "Mayar." Na mayar. Ya yi shiru, sannan ya ce shekara da shekaru yana sa dayod ɗin nan don maigidansa ya ce a sa, yau ne ya ga abin da yake tarewa. Ya sa na tura wa ɗansa adireshin zanen, don manhajar tana iya dunƙule da'ira gaba ɗaya ta zama adireshi guda da za ka aika a WhatsApp.

Tsakanin azahar da la'asar

Wannan ita ce matsalar da ta fi cin lokaci, kuma ita ta fi koyar da shi.

A watan Afrilu aka kafa na'urar a bango, cikin akwatin roba, ƙarƙashin rumfar kwano kusa da tanki. Da safe lafiya lau. Da dare lafiya lau. Tsakanin azahar da la'asar kuwa sai allon rubutu ya ɗauke, ya dawo, rile ya buga, ya sake ɗaukewa. Yaron ya ɗora wa umarninsa laifi. Mako guda yana karanta shi layi-layi, yana barin Tinkercad a kunne na sa'o'i ko zai ga ta tsaya. Ba ta tsaya ba, kuma ba za ta taɓa tsayawa ba, don abin da ke mutuwa ba ya cikin zanensa. A Tinkercad kana danna farawa kebul ɗin USB ke shiga Arduino, bolt 5 cif, ba ragi ba ƙari. Sashen samar da wuta kuwa, wato taransfoma mai bolt 12, dayod huɗu, kafasita mai maikurofarad 1,000 da rigiletan 7805 mai daidaita wuta a bolt 5, daga littafin aji ya kwafo shi ya liƙa, bai taɓa gwada shi a ko'ina ba.

Na je gidan wata Asabar da misalin ƙarfe biyu. Na buɗe akwatin, zafi ya bugi fuskata. Na yi abin da Baba ya koya min, na jiƙa yatsa na taɓa bayan 7805 ɗin. Ya ce cuu.

Muka zauna a tabarma da biro da bayan kwalin sukari. Taransfoma da aka rubuta wa 12, bayan an miƙar da wutarsa an tara ta a kafasita, ba 12 yake bayarwa ba. Ka ninka da 1.41 ka sami kusan 17, ka cire kamar 1.4 da dayod biyu ke ci, saura wajen 15.5. Rigileta zai fitar da 5. Sauran 10.5 ɗin ina za su? Zafi. Irin wannan rigileta ba ya da wata hikima, ƙona rarar yake yi a jikinsa. Muka tara abin da kayan ke ja: Arduino kusan miliyamfiya 50, rile 70, fitilar allo 20, sensa 15, jimla 155. Ka ninka da 10.5, wat 1.6 ke nan. Takardun bayanan 7805 sun nuna in ba a ɗaura masa ƙarfen shan zafi ba, kowane wat ɗaya na ɗaga zafin cikinsa da digiri 50 zuwa 65. Wato digiri 80 zuwa 104 a kan zafin wurin da yake. A ɗakin karatu da dare, ya sha. A akwatin roba ƙarƙashin kwano da rana tsaka a Afrilu, inda 40 ba abin mamaki ba ne, ya kai 120 zuwa 144, alhali 125 ce iyakar da aka yarje masa ya yi aiki. Yana da kariya a ciki da ke kashe shi in ya yi zafi ainun. Ya huce ya dawo, ya sake zafi ya ɗauke. Abin da allon ke yi ke nan.

Wani abin dariya, manhajojin zuriyar SPICE, har da LTspice da injiniyoyi ke amfani da ita kyauta, in ba ka faɗa musu zafi ba digiri 27 suke ɗauka. Kullum 27, ba bazara ba hunturu. Kuma galibin kayan cikinsu ba sa ɗumama kansu. Za su faɗa maka wat nawa abu ke ƙonawa in ka tambaya, amma kai za ka je takardar bayanai ka mayar da wat ɗin digiri.

Yaron ya ce ai da sauƙi, a sauya taransfoma zuwa mai bolt 9, rarar ta ragu. Shawara ce mai ma'ana, kuma da kuɗi a hannunsa da ya tafi kasuwa a lokacin. Na ce a wannan karon mu tambayi allo tukuna. Muka zana sashen wutar a Falstad, muka sa resista mai jan kimanin miliyamfiya 155 a madadin sauran kayan, muka ɗaura wa wutar gari majanyi da za a iya ragewa da ƙarawa. A bolt 230 komai daidai. Sai na ce ya ja shi ƙasa zuwa 160, don mitata ta sha nuna min haka a unguwarsu da magariba in kowa ya kunna kayansa. Taransfoma mai 9 ya koma 6.3, bayan dayod wajen 7.5 a ƙololuwa. Zanen kuma ba miƙaƙƙen layi ba ne, haƙoran zarto ne, don kafasita na cika yana zubewa sau 100 a daƙiƙa a wutar da ke kaɗawa sau 50, kuma kowane zubi na cin kusan bolt ɗaya da rabi. Ƙasan haƙoran na taɓa 6. Shi kuwa 7805 yana buƙatar kusan 7 kafin ya ba ka 5. Da ya sayi taransfoman nan, da ya warkar da ciwon rana ya sayo na magariba.

Maganin da muka tsaya a kai ba ya cikin littafinsa: cajar waya mai kyau, bolt 5, amfiya 2. Duba bayan kowace ta kirki za ka ga an rubuta bolt 100 zuwa 240. Ba ƙona rara take yi ba, yanka wutar take yi gutsi-gutsi da sauri ta ɗebi abin da take buƙata, shi ya sa ba ta damu da 160 ba kuma ba ta zafi sosai. Sai da muka gwada uku da mita, da kaya a jone, kafin muka yarda da ɗaya, don kasuwa cike take da masu rubutun amfiya 2 da ba sa iya rabin haka. Aka huda akwatin ta ƙasa da gefe iska ta riƙa ratsawa. Lissafin kwalin sukarin kuwa ya shiga rahotonsa, kuma a ganina shi ne shafi mafi daraja a ciki.

Ruwa ba ƙwallo ba ne

Da aka jona sumo na gaske sai wata ta fito. Tanki na gab da cika, rile ya kama ƙas-ƙas-ƙas kamar keken ɗinki. Umarninsa iyaka ɗaya gare shi: nisa ya wuce santimita 30 a kunna, bai kai ba a kashe. A allo ƙwallon gaban sensa inda ka ajiye ta nan take zama. A tanki ruwa na zubowa daga bututu, fuskar na rawa, karatun na tsalle tsakanin 28 da 33. Kunnawa da kashewa a jere haka shi ke kashe injin ruwa.

Nan yaron ya burge ni, don shi ya samo hanyar da kansa. Ya koma Tinkercad ya ƙara layi guda a umarnin, wanda ke ƙara ko rage santimita huɗu a kan kowane karatu ba tsari, wato ya koya wa allon rawar ruwa. Nan take rilen allo ya kama irin haukan na bango. Sannan ya gyara: iyaka biyu, a kunna in nisa ya kai 110, kar a kashe sai ya sauko 25. A ɗauki karatu biyar a jera su a zaɓi na tsakiya. In an kashe, a jira minti uku kafin a sake kunnawa ko me sensa ta ce. Ya gwada a allo har ya gamsu, ya ɗora a Arduino, magana ta ƙare. Ya kuma ƙara cewa in sumo ya yi minti goma ruwa bai motsa ba a kashe shi, don a ƙarshen rani rijiya na iya ja baya, injin da ke juyawa a bushe kuwa ƙonewa yake yi.

Lambar 58 ɗin nan ma ta ɗakin sanyi ce. Sauti na gudun mita 343 a daƙiƙa a digiri 20, a 40 kuwa kusan 355. Bambancin ya kai santimita uku zuwa huɗu a kowace mita. Ga tankin gida ba komai ba ne, muka bar shi.

Abu ɗaya ne ban ba shi zaɓi a kai ba. A jikin rilen an rubuta amfiya 10, sumon kuma doki ɗaya ne, wat 750 ko kusa, don haka a takarda ya isa. Amma injin da ke tashi daga tsaye na fizgar ninkin abin da yake ci a guje sau da yawa, kuma bakin ƙaramin rile na iya narkewa ya manne, sumo ya ƙi mutuwa. Na sa kontakta, wato babban rile mai ɗaukar wuta mai ƙarfi, rile ya koma aikin jan kontakta kawai, kuma ni na yi wayarin ɓangaren 230 da hannuna, yana tsaye yana kallo. Wutar allo ba ta taɓa jan kowa ba, kuma na lura yaran da suka fara koyo a can hannunsu na da saurin kai wa waya.

Bayan makonni sai raɓa. Ruwa na tururi da rana a rufaffen tanki, da dare ya taru a murfi, da safe ɗigo na rataye a ragar idon sensa, karatu ya maƙale. HC-SR04 ba a yi ta don danshi ba. Aka sauya ta da JSN-SR04T mai rufaffen kai, wadda ita kuma ba ta ganin abin da ya matso ƙasa da kimanin santimita 20, sai aka ɗaga iyakar kashewa zuwa 30 don a bar tazara. Na kuma sa makunnin nan mai tasowa da ruwa, wanda masu aikin famfo ke kira fulot, a layin kontakta, ko da wata rana Arduino ta rikice. Da Baba ya ji haka ya yi dariya har da tari, ya ce ai fulot ɗin shi kaɗai ya isa tun farko, ba kwamfuta ba allo. Gaskiyarsa. Sai dai fulot ba ya ba da difloma, kuma ba ya hana sumo juyawa a bushe.

In na waiwayi aikin, ban ga inda manhaja ta yi masa ƙarya ba. Tsinin rile, haƙoran kafasita da rawar ruwa duk ta nuna su, amma sai bayan bango ya nuna su, don sai a lokacin ya san zai tambaya. Kuskurensa ɗaya ne da ya maimaitu: gwajin da ya yi a allo na ranar da komai ke lafiya ne. Bai ja wuta ƙasa ba, bai girgiza karatu ba, bai zana taransfomansa ba. Resista mai zoben zinariya na iya kauce wa ƙimarsa da kashi 5 cikin ɗari, kafasita irin mai gwangwani da kashi 20, kuma sauya waɗannan a allo daƙiƙa biyu ne, kyauta. Ni yanzu yaran shagona haka nake sa su: Tinkercad don wayari da umarni, Falstad don ganin abin da wuta ke yi a ciki, sannan su lalata zanen da gangan kafin in ba su kuɗin kaya. Ƙafafun tiranzista da raɓa kuwa, waɗannan sai mita da yatsa da zama kusa da irin su Baba.

Na'urar na bango har yanzu, Yaya ta daina tashin dare. Shi kuma ya ɗauko sabuwa: yana so tankin ya riƙa aiko da saƙo a waya, don haka ya koma manhajar Wokwi, wadda ke kwaikwayon ESP32, ƙwaƙwalwa irin Arduino, har da haɗin intanet ɗinta. Jiya ya zo shago da laftof ya nuna min, ga yawan ruwa na fitowa. Na tambaye shi bolt nawa ƙafafun ESP32 ke ɗauka. Ya ce 3.3. Na ce sensar fa, nawa take mayarwa? Ya yi shiru, ya ce 5, amma a allo ya jona kai tsaye kuma ya yi aiki. Na ce na sani. Na aike shi ya sayo resista biyu, mai om 1,000 da mai 2,000, su raba biyar ɗin ta sauko 3.3, na kuma ce ya tafi da mitata ya auna su a gaban mai shagon.